Lamba ta goma a asusunka na banki: abin da take kamawa da wanda yake wuce ta

A rumfunan POS daga Sabon Gari zuwa Samaru, magana biyu ke yawo a kan lambar asusu. Wasu sun ce ka kuskure lamba ɗaya, kuɗinka sun faɗa hannun baƙo. Wasu kuma sun ce na'ura tana kama kowane kuskure, don haka a danna kawai. Duka biyun da gyara.

Ƙa'idar da ta tsara lambar asusun banki ita ce NUBAN, wadda Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2010, ta fara aiki a 2011, aka sabunta ta a 2020 don ta haɗa da ƙananan bankuna. Bankuna ta ɗora wa nauyi, mai asusu ba shi da tara ko hukunci a cikinta. Ta ce lambar asusu ta zama guda 10. Taran farko banki ne ke bayarwa, kuma lamba tara tana iya ɗaukar asusu biliyan ɗaya. Ta goman kuwa lissafi ne ke fitar da ita.

Ana ɗaukar lambar shaidar bankin kansa, a jera ta da taran nan, a ninka kowace da 3, 7, 3, 3, 7, 3, haka har ƙarshe, a tara. Abin da ya rage jimillar ta cika goma ta gaba, shi ne lamba ta goma. Misalin da Babban Bankin ya bayar: banki mai lamba 011, asusu 000001457. Jimilla 81, saura 9 ta kai 90, asusu ya zama 0000014579.

Da yake 2 ko 5 ba sa raba 3 da 7, duk lamba ɗaya da ka canza sai ƙarshen jimillar ya canza. Ke nan a banki guda, kuskuren lamba ɗaya tak ba zai ba ka asusun wani ba, ƙin karɓa za a yi. Jita-jitar farko ta faɗi. (Manyan bankuna nake nufi. Asusun da aka buɗe da lambar waya kar a auna shi da wannan.)

Ta biyun ce ta fi ba ni tsoro. Dubi jerin, akwai inda 3 ke bin 3, wato lamba ta uku da ta huɗu, da ta shida da ta bakwai. Ka musanya su, jimilla ba ta motsi. 0000041579 ta ci jarrabawar kamar yadda 0000014579 ta ci. Haka in ka juya maƙwabta biyu masu tazarar 5 a cikin taran, kamar 2 da 7. Ga kuma zaɓen banki: lamba guda tana iya dacewa da banki fiye da ɗaya, tunda ƙarshen lissafin iri goma ne kacal, bankuna kuwa sun haura goma nesa. In an yi rashin sa'a akwai mai wannan asusun, kuɗi za su tafi.

A ganina an yi wa talaka rowa a nan. Juya lambobi biyu kuskure ne na kullum ga mai karanto lamba ta waya cikin hayaniyar kasuwa, kuma shi ne tsarin bai toshe duka ba. In ya faru, zaryar banki a kan mai turawa take, wani lokacin har sai da takardar kotu.

Saboda haka kafin ka sa PIN, ka ce wa mai POS, "Malam, karanto min sunan da ya fito, da bankin." In Hajiya ce ta aike ka, kira ta ka tabbatar da sunan tukuna.