Waiwaye: yadda mai zane ya shiga ɗakin binciken sankara

Duk sanda labari ya iso cewa wata cibiyar bincike a Turai ta ba mai zane masauki na ƴan watanni a tsakiyar masu nazarin sankara, sai gardama ta kaure a fada da kuma Facebook. Wasu su ce wasan masu ƙoshi ne, alhali mai ciwo daga Maraɗi sai ta yi tafiyar fiye da kilomita 600 zuwa Yamai kafin a yi mata gashi da na'ura, wanda shi ma sai a 2021 ya samu. Wasu su ce ai wayar da kai ne. Dukansu sun ɗauka sabon yayi ne, sun kuma ɗauki mai zane a matsayin wanda ake kira ya yi wa aiki kwalliya bayan an gama.

Ba haka abin ya faro ba. A 1665 Robert Hooke ya leƙa ɓawon itace ta madubin ƙara girma, ya zana ƴan ɗakunan da ya gani, waɗanda yau ake kira ƙwayoyin halitta. A 1882 Walther Flemming na Jamus ya zana yadda ƙwayar halitta ke rabuwa biyu. Waɗannan kowa ya san su, kamar yadda aka san shirin da gidauniyar Wellcome ta Ingila ta buɗe a 1996 na haɗa masu fasaha da masana kimiyya, da ɗakin SymbioticA na Jami'ar Yammacin Ostireliya da aka kafa a 2000.

Wanda ba a cika ambata ba shi ne Hashime Murayama. A 1928 likita George Papanicolaou ya sanar a Amurka cewa ana iya gane sankarar mahaifa daga ruwan da aka shafo daga jikin mace aka shimfiɗa a kan gilashi. Ba a kula shi ba, aka bar maganar sama da shekara 10. Gaskiya ya faɗa, sai dai abin da idonsa ke gani sauran likitoci ba su iya ganinsa: dubban ƙwayoyi ne birjik a gilashi guda, marasa lafiyar ƴan kaɗan ne a ciki.

Murayama ɗan Japan ne, ya yi shekara 20 yana zana kifaye da sauran halittu a mujallar National Geographic. Shi ya zana hotunan littafin da Papanicolaou da Herbert Traut suka fitar a 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya, sannan da na babban kundin 1954, shekarar da ya rasu. A kan irin waɗannan zane-zane aka horar da masu duba gilashi na farko.

Me ya sa ba a ɗauki hoto kawai ba? Madubin ƙara girma yanki ɗaya siriri yake nunawa ƙarara, abin da ke samansa ko ƙasansa sai ya yi dishi-dishi. Kyamara wannan yankin kaɗai take kamawa, ga hoto mai launi bai yi ƙwari ba a lokacin. Mai zane kuwa yana murza madubin sama da ƙasa, ya tattara abin da ya gani a takarda ɗaya, ya watsar da tarkace. Abu uku yake fito da su: cibiyar ƙwayar ta kumbura ta cinye fili, ta sha rini ta yi duhu, gefenta ya yi gargada maimakon sumul. Rinin ma aiki ne da marina za su gane, launi biyar a ruwa uku, ɗaya ya kama cibiya, sauran su bambanta jikin ƙwaya da ruwan lemo, ja-ja ko kore. Kuma dole a tsoma gilashin cikin alkol mai ƙarfin kashi 95 nan take. In ya bushe a iska, ƙwayoyin su baje, rinin ya ƙi kamawa daidai, a karanta abin da babu. Wanda bai daɗe a bakin teburin ba, ba zai bambance ɓarnar bushewa da alamar ciwo ba.

Nan ne yawancin zaman baƙunci na yau ke tuntuɓe, wajen ƙarancin lokaci. Renon ƙwayoyi sai a ɗumin digiri 37 da iskar kabon kashi 5, a riƙa canja musu ruwan abinci duk kwana 2 ko 3, a goge komai da alkol kashi 70. Ruwan ja ne. In ya koma rawaya, ko dai sun cunkushe ko ƙwayar cuta ta faɗa ciki. Ƙwayoyin HeLa, da aka ɗebo daga sankarar Henrietta Lacks a 1951 ba da saninta ba, suna ninkuwa kusan kowace rana, a yi sake su mamaye kwanon maƙwabta. Kafin baƙo ya iya wannan watanni sun tafi, ga ranar baje koli ta matso. Sai ya karɓi hotunan da aka riga aka ɗauka ya ƙara musu launi. Masu cewa kwalliya ce, irin wannan suka gani, kuma ba su yi ƙarya ba.

A ƙasashe irin namu, gwajin da aka fi yi a asibitocin haihuwa ya ma fi na Papanicolaou dogara da ido. Ungozoma ta shafa ruwan binega mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5 a bakin mahaifa, ta jira minti ɗaya, ta duba da fitila. Fari mai kauri, mai iyaka a fili, kusa da ƙofar mahaifa, shi ne abin tuhuma. Majina, kumburi ko ƙyallin fitila kuwa duk suna iya yin fari su ruɗe ta, a tayar wa mai lafiya hankali ko a sallami mai ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa burin a gwada kashi 70 na mata kafin 2030, kuma kowace ungozoma da za ta yi wannan aiki sai wani ya fara nuna mata, a takarda ko a waya, wane fari ne na ciwo, wane ne na fitila.