Neman aikin ofis da na gwamnati a Birtaniya: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Duk wanda ya sauka a Birtaniya daga Kano ko Kaduna ko Kumasi, ya yi wata shida yana ɗaukar kaya a sito ko yana kula da tsofaffi har bayansa ya fara ciwo, sai wani ya ba shi lambata ya ce ya tambaye ni yadda ake shiga ofis. Tambayoyin ba sa canjawa, shi ya sa na tattara su wuri ɗaya, kuma ina roƙon a karanta kafin a kira ni.

Wani ya ce in ba shi kuɗi ya sama mini aiki a ma'aikata. In bayar?

Kada ka bayar, ɓarawo ne. Da wannan na fara domin ita ce ta fi cinye kuɗin mutane. Dokar ƙasar ta hana kamfanonin samar da aiki karɓar kuɗi daga hannun mai neman aiki, kuma guraben gwamnati ana tallata su ne kyauta a shafin Civil Service Jobs. Babu takardar sanata a nan, babu kuma wani babban sakatare da zai saka sunanka.

Ba ni da fasfon Birtaniya. Zan iya yin aikin gwamnati?

Idan kai ɗan Najeriya ne ko Ghana ko Kamaru, kuma kana da izinin aiki, za ka iya, domin ƙa'idar aikin gwamnatin tsakiya ta buɗe yawancin gurabe ga 'yan ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila, wato Kwamanwel, wadda Ghana ta shiga a 1957, Najeriya a 1960, Kamaru kuma a 1995. Abin da aka keɓe wa 'yan ƙasa zalla shi ne irin aikin leƙen asiri da na jakadanci. Ɗan Nijar ko Chadi ko Sudan ba ya cikin wannan rukuni, amma kada ya karaya, domin ƙananan hukumomi da hukumar lafiya ta NHS da jami'o'i ba sa bin wannan ƙa'ida, izinin aiki kawai suke dubawa, kuma ofisoshinsu cike suke da aikin akawu da na lissafi.

Sai lambar inshorar ƙasa, wato National Insurance number da ake lissafa harajin ma'aikaci da ita, ta fito kafin in fara aiki?

A'a. Za ka iya farawa kafin ta fito muddin ka nuna izinin aikinka, kuma neman ta kyauta ne.

Digirina na gida zai yi amfani?

Zai yi. Hukumar UK ENIC, wadda a da ake kira NARIC, tana bayar da takardar da ke nuna matsayin digirinka a ma'aunin Birtaniya, amma kada ka kashe kuɗinka sai an nema, domin yawancin ƙananan guraben gwamnati ba sa ma tambayar digiri.

Na cike takardar neman aiki sau arba'in, ko sau ɗaya ba a kira ni ganawa ba. Wariya ce?

Wariya tana nan, ba zan yi maka ƙarya ba, amma a aikin gwamnati akan cire sunanka da shekarunka da sunan makarantarka kafin masu tantancewa su ga takardar, saboda haka ka fara zargin abin da ka rubuta. Na karanta takardun 'yan uwa da yawa, kuma cutar ɗaya ce. Mutum zai saka hotonsa da ranar haihuwa da jiharsa da addininsa da cewa yana da aure, waɗanda duk ba a buƙata. Sannan a inda aka ce ya kawo misalin lokacin da ya yanke shawara mai wuya cikin kalmomi 250, sai ya rubuta cewa shi mutum ne mai gaskiya da riƙon amana, ko ya ce "mun yi kaza, mun gyara kaza". An rene mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, to amma mai ba da maki ba zai iya ba "mu" maki ba, kai yake nema. Tsarin da suke so shi ne wanda ake kira STAR: halin da aka shiga, aikin da ya rataya a wuyanka, abin da kai da kanka ka yi, da abin da ya biyo baya. Rabin kalmominka ko fiye su tafi a kan abin da ka yi. Misalin da ka kawo daga shekarar hidimar ƙasa ko daga shagon mahaifinka a kasuwa karɓaɓɓe ne, idan akwai adadi a ciki kuma akwai sakamako. Makin daga 1 zuwa 7 ne, 4 ne galibi ake buƙata, kuma sau da yawa ana nuna maka abin da ka ci, don haka ka daina goge saƙon ƙin ɗauka cikin fushi ba tare da ka duba ba.

Shekarata biyu a ƙasar, kuma tallar ta ce sai an yi binciken tsaro na SC. In nema ko in haƙura?

Wannan ita ce tambayar da ba ta da amsa guda, kuma duk wanda ya ba ka amsa guda bai fahimce ta ba. Binciken matakai ne. Na ƙasa shi ne BPSS, wanda ake yi wa kowa: a tabbatar da ko kai wane ne, da izinin zamanka, da tarihin aikinka na shekara 3, da ko kana da laifi a kanka, kuma idan ka zauna a waje wata 6 ko fiye a cikin waɗannan shekaru za a so ka yi bayaninsa. Sabon zuwa yakan wuce wannan, sai dai yakan ɗauki lokaci, musamman idan ofishin da ka yi wa aiki a gida ba ya amsa imel, don haka tun yanzu ka nemi takardar shaidar aiki da takardar 'yan sanda ta rashin laifi ka ajiye. Sama da shi akwai CTC, wato binciken da ya shafi ta'addanci, wanda bisa al'ada ake son shekara 3 na zama a Birtaniya, sai SC mai shekara 5, sai DV, wanda ya fi su zurfi, mai shekara 10.

Ka lura na ce bisa al'ada. Ƙa'idar ba ta ce rashin cika shekarun ya haramta maka kai tsaye ba, abin da ake nema shi ne a iya yin bincike mai ma'ana a kanka, kuma kowace ma'aikata ita ke yanke wa kanta iyaka. Wata tallar za ta ce shekara 5 cur, wata ta ce shekara 3 cikin 5 na baya sun isa, wata kuma ta yi shiru. Idan an rubuta adadi ƙarara kuma ba ka kai ba, shawarata ita ce kada ka ɓata makonninka, domin kana iya cin ganawa a ba ka aikin bisa sharaɗi, sannan a janye shi bayan ka riga ka gaya wa mutanen gida. Idan an yi shiru, a ƙasan kowace talla akwai adireshin jami'in da ake tuntuɓa, ka rubuta masa layi uku ka faɗi ranar da ka shigo ƙasar ka tambaya. Ba za ka iya neman wannan izinin tsaro da kanka ka ajiye ba, sai ma'aikatar da ta ɗauke ka ce take gabatar da kai.

Akwai kuma abin da ya fi shafar mu. Mutum ɗaya, fasfonsa ya ce Muhammad, takardar sakandare ta ce Mohammed, digiri ya ce Muhammadu, a wata takardar sunan garinsu ne a matsayin sunan mahaifi, ranar haihuwa kuma iri biyu saboda an taɓa rage shekaru da takardar rantsuwa a kotu. Bambancin rubutun suna ba laifi ba ne, ka lissafa duk sunayen da aka taɓa sanin ka da su. Abin da ke kayar da mutum shi ne ɓoyewa, domin a SC ana duba har bashin da ke kanka, ana neman bayanan iyayenka da na matarka ko mijinki, kuma sun fi yafe bashin da aka bayyana a kan wanda suka tono da kansu. Idan matsalar ranar haihuwa ce ta gaske, wannan ya wuce shawarar ɗan uwa, ka ga lauyan shige da fice kafin ka sa hannu a komai.

Bizar kammala karatuna ta kusa ƙarewa. Gwamnati za ta ɗauki nauyin sabuwa?

Kada ka dogara da hakan. Mafi ƙarancin albashin da ake buƙata don bizar ƙwararru, wadda mai ɗaukar aiki yake ɗaukar nauyinta, ya koma fam 38,700 a Afrilun 2024, ya ƙaru zuwa fam 41,700 a Yulin 2025, kuma albashin matakan AO da EO, inda sabon shiga yakan fara, bai kai nan ba. Akwai rangwame ga waɗanda ba su daɗe da gama karatu ba, amma babu abin da ya tilasta wa ma'aikata ta ɗauki nauyinka, kuma tallace-tallace da yawa suna faɗin haka a fili ga mai karantawa har ƙarshe.

A gida ni mataimakin darakta ne. Yaya zan koma amsa waya?

Babu wanda ya ce dole ka fara daga ƙasa. Idan misalanka sun kai na HEO ko SEO, wato matakan da ke sama da EO, ka nemi su kai tsaye. Amma idan shekara ta wuce ba a kira ka ba, ka karɓi na ƙasan, domin akwai guraben da ma'aikatan ciki kaɗai ake tallata wa, kuma ba za ka gan su daga sito ba. Direban ofis da mai riƙe maka jaka kuwa, ka bar su a inda ka baro su.

Za a bar ni in yi salla, ko in saka hijabi?

Dokar daidaito ta 2010 ta hana nuna bambanci saboda addini, kuma ofisoshi da yawa suna da ɗakin ibada. Fitar Juma'a ba haƙƙi ba ne da doka ta rubuta da sunansa, amma inda ake da sassaucin lokacin aiki, shugabanka yakan yarda ka rama sa'ar, idan ka yi maganar tun makon farko maimakon ka riƙa ɓacewa ba sallama.

Za ka cike mini takardar?

A'a. Ka rubuta da kanka ka turo, zan karanta sau ɗaya, kuma kada ka turo mini ita a daren da za a rufe tallar.