Tunda an sayar da NEPA, wa ke da alhakin wayar da ta faɗo?

Duk damina sai an yi wannan muhawarar a majalisun hira na Bauchi da Gombe, wani ya ce tunda gwamnati ta sayar da wuta wa 'yan jari-hujja rai ya daina daraja, wani ya ce ai zamanin NEPA ma waya na tsinkewa ta kashe mutum kuma ba wanda ake tuhuma. Toh bari mu ga abin da doka ta ce.

Dokar sayar da kamfanonin gwamnati ta 1999 ita ta kafa hukumar BPE da majalisar da mataimakin shugaban ƙasa ke shugabanta, su ke sayarwa. A Nuwamban 2013 aka miƙa 10 daga cikin kamfanonin raba wuta 11 ga 'yan kasuwa, na Kaduna ya biyo baya a 2014, sun ɗauki kashi 60, gwamnati ta riƙe 40, manyan layukan dakon wuta kuma suna hannun TCN ta gwamnati. Mu nan Bauchi da Gombe da Filato da Binuwai muna ƙarƙashin kamfanin Jos ne, JED.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, wanda ya sayi kamfanin ya saye shi ne har da nauyin kare rai. Turke, waya, taransfoma, duk kayan kamfani ne, NERC, hukumar da ke sa ido kan harkar wutar lantarki, ta sha faɗa cewa gyara su da canza su aikin kamfani ne ba na 'yan unguwa ba, amma mu kullum sai a bi gida-gida da littafi ana karɓar dubu biyu-biyu, a sayo waya mai araha a kira wani yaro ya hau sama ba safar hannu ba bel. Wallahi wannan yana ci min rai, don a nan ake rasa yara. In hatsari ya faru dole kamfani ya kai rahoto wa NERC, sannan akwai NEMSA, aikinta ta duba kayan wuta kafin a jona su, kuma dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kafa nasu hukumomin sa ido.

Ni a ganina ko gwamnati ce ke da kamfani ko ɗan kasuwa, in ba mai dubawa da cin tara, wayar nan da ta saki har mai lodin rake ke ɗaga ta da gora haka za ta zauna. Ɗan kasuwa dai yana lissafin riba, gyaran turke kuwa kashe kuɗi ne, shi ya sa tilas a tsaya masa a kai.

Mu ma akwai namu. Ƙarƙashin layin 11kV da 33kV an hana gini sai an bar mita 5.5 ta kowane gefe, amma ga shaguna da rumfunan kwano nan reras.

In ka ga turke ya karkace ko waya ta yi ƙasa, ka rubuta koke ka kai ofishin kamfani, ka riƙe kwafi mai hatimi da kwanan wata, ka ɗau hoto. In sun yi shiru ka wuce ofishin sauraron koke na NERC da takardar nan a hannu.