Waiwaye: Yadda Kasuwa Ta Sauya Farautar Mutanen Baka a Kurmin Kamaru

Mutanen Baka, mazauna kurmin kudu maso gabashin Kamaru, a yankunan Yokadouma da Lomié da Moloundou, ba jiya suka san kasuwa ba. Tun kafin zuwan Turawa suke kai nama da zuma wa maƙwabtansu manoma, su karɓo ƙarfe da gishiri da ayaba. Sai dai musaya ce mai iyaka, domin mafarauci ba ya kashe abin da ya fi ƙarfin ɗaukarsa, naman da ya shigo zango kuma rabawa ake yi bukka-bukka.

Bayan Jamus ta kafa mulkinta a Kamaru a 1884, an danƙa wa wani kamfanin Jamusawa makeken yankin kudu maso gabas a 1898 domin ya kwashi roba da hauren giwa, kuma fataken Hausawa na cikin waɗanda suka riƙa gangarowa daga arewa suna sayen waɗannan kaya. A nan ne gwanayen farautar giwa na Baka, waɗanda suke kira tuma, suka fara farauta don biyan buƙatar mutanen da ba su taɓa gani ba. Daga shekarun 1950 zuwa 1960 hukuma ta matsa musu su fito bakin hanya su zauna, da yawansu suka zama 'yan ƙwadago a gonakin koko, ko da yake ba su bar molongo ba, wato doguwar tafiyar da dangi ke yi cikin kurmi na tsawon watanni, suna haƙar doyar daji suna farauta.

Babban sauyin ya zo ne daga baya. Farashin koko ya faɗi a ƙarshen shekarun 1980, an karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, a shekarar ce kuma aka yi dokar gandun daji wadda ta yanka kurmin gunduwa-gunduwa ta ba kamfanonin katako. Kamfanonin suka ratsa dajin da hanyoyi, suka kafa sansanonin ma'aikata masu albashi da ke neman nama kullum, manyan motocin da ke jigilar gungume zuwa Douala kuwa suka zama hanyar fitar da banda zuwa birane. Wurin da a da sai an yi kwanaki a ƙafa kafin a kai, yanzu ɗan kasuwa na isa a kan babur.

Kayan farautar ma suka sauya. Tarkon igiyar daji kan ruɓe bayan ɗan lokaci, amma wayar ƙarfe da ake warwarewa sili-sili tana daɗewa, tana da arha, kuma mutum ɗaya na iya ɗana tarkuna bila adadin. Idan layin tarkon ya yi nisa ba a zagaya shi da wuri, gadar da ta faɗa sai ta ruɓe a wurin, babu wanda ya ci. Ita kuwa bindiga galibi ba ta Baka ba ce: mai ita ya ƙirga harsashi ya ba shi, shi ya kwana a daji, idan ya dawo a sallame shi da kai da kayan ciki, ko taba da barasa. A ganina nan ne cutar take, domin sanin dajin nasa ne, wahalar tasa ce, amma wani ne ke yanke yawan abin da za a kashe, shi ne kuma ke cin ribar.

Itatuwa ma haka: moabi da mata ke tatsar mai daga ƙwallonsa, da sapelli da ke tara tsutsar da ake ci, su ne masu zarto suka fi nema. Ba duka ne asara ba, don ƙwallon mangwaron daji, wanda ke isa kasuwannin Najeriya da sunan ogbono, yana kawo wa iyalai kuɗi duk shekara ba tare da an sare bishiya ba.

Da namun daji suka ragu, har bincike ya nuna giwayen kurmin Afirka ta Tsakiya sun ragu da kashi 62 cikin ɗari tsakanin 2002 da 2011, sai aka ƙara tsaro a gandun Lobéké da aka kafa a 2001, da Boumba-Bek da Nki na 2005. A lokacin, dokar 1994 da ƙa'idojinta sun halatta farautar gargajiya da kayan da aka yi da tsirrai kaɗai, don ci ba don sayarwa ba, wato sun amince da farautar da kasuwa ta riga ta kawar. Hukuncin sai ya fi sauka a kan wanda aka kama da waya a hannu. A 2016 ƙungiyar Survival International mai kare haƙƙin 'yan asalin ƙasa ta shigar da ƙorafi a kan WWF, ƙungiyar kare namun daji ta duniya, bisa zargin cewa masu gadin dajin da take tallafa wa suna cin zarafin Baka, sannan a 2019 ma'aikatar gandun daji ta Kamaru ta sa hannu a yarjejeniya da ƙungiyar Baka ta ASBABUK, wadda ta ba su damar komawa cikin waɗannan gandaye uku domin neman abinci da gudanar da al'adunsu.