Bakwaini: me ake nufi da shi, kuma yaya ake ƙirga watanninsa?

Bakwaini shi ne jaririn da ya iso duniya kafin lokacinsa ya cika. A gida da wata muke lissafi, mu ce ɗan wata bakwai ne, amma a asibiti da sati ake yi. Cikakken ciki sati 40 ne, ana fara ƙirge daga ranar farko ta al'adar ƙarshe da mace ta gani, kuma duk jaririn da aka haifa kafin sati 37 ya cika toh bakwaini ne, ko da a lissafin gida ya wuce wata takwas. Su ma hawa-hawa ne, akwai na sati 32 zuwa 37 waɗanda su ne suka fi yawa, akwai na 28 zuwa 32, sai kuma na ƙasa da 28 waɗanda su ne suka fi shan wahala. Kuma ba ƙaramin abu ba ne fa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta jarirai miliyan 13.4 aka haifa haka a shekarar 2020 kaɗai, kusan ɗaya cikin goma kenan.

Maganar nan da tsofaffi ke yi wai ɗan wata bakwai yana rayuwa amma ɗan wata takwas ba ya yi, don Allah a bar ta, ba gaskiya ba ce. Kowane sati da jariri ya ƙara a ciki riba ce ga huhunsa da ƙwaƙwalwarsa.

Abin da ya sa ake sa su a kwalba shi ne jikinsu ba ya riƙe ɗumi, huhu bai gama nuna ba, sannan haɗa tsotso da haɗiya da numfashi a lokaci guda sai wajen sati 34 yake daidaita. Shi ya sa za ki ga uwa zaune a bakin gado tana tatsar nono a ɗan kofi, nas tana ɗura masa ta siririn bututu a hanci ko ana ɗiga masa kaɗan-kaɗan a leɓe, ga hula ta yi masa yawa ta rufe har ido, ga famfas an ninke biyu don ya zauna a ƙugu. Akwai kuma goyon ƙirji da ake kira kulawar kangaru, a ɗora shi fata da fata a tsakiyar ƙirji a ɗaure da zani. A Bogota ta ƙasar Kolombiya aka faro shi a 1978 lokacin da kwalabe suka yi musu ƙaranci, kuma uba ma yana yi, ba aikin mata kaɗai ba ne.

Toh ga inda nake so mu tsaya sosai. Bakwaini lissafi biyu gare shi. Na farko daga ranar haihuwa, na biyu daga ranar da ya kamata a haife shi, kuma da na biyun ake auna girmansa da wayonsa. A ce an haifi yarinya a sati 32, ta riga lokaci da sati 8, wato wata biyu. Ranar da ta cika wata shida a katin haihuwa, a lissafin likita 'yar wata huɗu ce, don haka abin da ake nema a wajenta shi ne wuyanta ya tsaya, tana murmushi, tana bin mutum da ido, ba wai ta zauna ba. Haka ake ta cire wata biyun nan har ta kai wajen shekara biyu, daga nan yawanci a daina. Rigakafi ne dai ba a yi masa wannan ragin, da ranar haihuwa ake binsa sai in likita ya ce a dakata.

Na daɗe a kan wannan ne saboda abin da ke faruwa a majami'unmu. Uwa ta zo taron Zumuntar Mata da goyonta, wata ta leƙa ta ce ah Mama har yanzu bai fara zama ba? ai na wance da aka haife su wata ɗaya har rarrafe yake. Ba da mugunta ta faɗa ba, amma uwar nan za ta koma gida ta kwana tana kuka tana tambayar Ubangiji laifin me ta yi, alhali yaron yana kan hanyarsa daidai, lissafin ne aka yi ba daidai ba. Yara ma da aka haifa a kan lokaci wani yana tafiya a wata 10 wani sai 18.

Amma kuma gaskiya ɗaya ce, wasu bakwainin ko an yi ragin suna da jinkiri na gaske. In a lissafi na biyu ya wuce wata huɗu wuya na lilo, ko wata tara bai zauna ba, ko jiki na sanƙarewa ƙafafu na harɗewa in an ɗaga shi, ko hannu ɗaya kullum a dunƙule, ko ba ya juyowa in an yi ƙara, a kai shi wajen likitan yara kar a jira. Gashin ƙashi da motsa jiki in an fara da wuri suna taimakawa ƙwarai don ƙwaƙwalwar yaro a shekarun farko tana saurin koyo. Waɗanda aka haifa ƙanana sosai, musamman in sun sha oksijin, a tabbatar an duba idonsu tun a satuttukan farko, a gwada kunne ma.

Nan ne masu baki ke shigowa, wannan ya ce ɗan ruwa ne, wancan ya ce asiri ne daga dangin miji ko la'anar kakanni, a kai shi gidan addu'a a yi kwana bakwai. Zuciyata na ɓaci da wannan. A Yohanna sura 9 almajirai sun tambayi Yesu a kan wanda aka haifa makaho, zunubin wa ne, nasa ko na iyayensa, ya ce ba nasa ba ne ba kuma na iyayensa ba. Zabura 139 ta ce Allah ne ya harhaɗa mu a cikin uwa, kuma ya san kwanakinmu tun ba a fara ɗaya ba, toh satuttukan nan da yaron bai cika ba ba su ɓace wa Allah ba. A yi addu'a, a yi azumi, fasto ya ɗora hannu, amma ranar Talata in ranar gashi ce a je gashi. Luka da ya rubuta bishara ai likita ne.

Miƙa yaro a coci ma ba dole sai an yi gaggawa ba. Garkuwar jikin bakwaini ba ta da ƙarfi, murar da babba zai share da hankici shi tana iya mayar da shi gadon asibiti, don haka in iyaye sun ce sai ya ƙara ƙwari kar dattawa su ga kamar rashin bangaskiya ne. Mai mura ya yi barka daga bakin ƙofa, mai ɗauka ya wanke hannu da sabulu. In kuma ana so a taimaka, kuɗin mota zuwa asibiti ana buƙata, da mai kai abinci, da wadda za ta riƙe manyan yaran ranar da uwar za ta wuni a layin ganin likita.