Ikon Kotu na Ƙin Karɓar Hujja Mai Tunzura Zuciya

A ƙasashen da suka gaji tsarin shari'ar Ingila, ƙa'idar asali ita ce a karɓi duk hujjar da ta shafi batun da ake jayayya a kai. Sai dai alƙali yana da ikon hana gabatar da wata hujja ko da tana da alaƙa da ƙarar, muddin ya ga cewa abin da za ta tabbatar bai kai haɗarinta ba, wato ta sa masu yanke hukunci su bi fushi ko ƙyama ko tausayi maimakon abin da aka tabbatar a gabansu. Ba kowace hujja mai cutar da wanda ake tuhuma ce ke shiga wannan sahu ba, domin dama don haka masu gabatar da ƙara suke kawo ta. Abin dubawa shi ne ko cutarwar ta biyo ta hanyar da ba ta dace ba.

A Amurka, Doka ta 403 cikin Dokokin Hujja na Tarayya, waɗanda suka fara aiki a 1975, ita ce ginshiƙin wannan iko. Ba ta yarda a jefar da hujja ba sai haɗarin ya rinjayi amfaninta da rata mai yawa, abin da ke nuna cewa ma'aunin ya karkata ne ga karɓa. Hotunan gawa su ne misalin da aka fi yin gardama a kai: hoto ɗaya da ke nuna inda wuƙa ta shiga yana iya tabbatar da niyyar kisa, amma tarin hotuna masu jini da ke maimaita abu guda ba su ƙara komai sai tayar da hankalin masu taya alƙali yanke hukunci, wato mutanen gari da ake zaɓowa su saurari shari'a su yanke ko an aikata laifin.

Shari'ar Old Chief ta 1997 ta fayyace batun sosai. An tuhumi wani mutum mai suna Old Chief da kai hari da makami da kuma riƙe bindiga alhali an taɓa samun sa da babban laifi, shi kuma ya amince a shaida wa kotu cewa yana da tsohon laifi, amma ba tare da an faɗi irinsa ba, domin laifin duka ne da ya yi wa wani mummunan rauni, mai kama da harin da ake tuhumarsa da shi a lokacin. Masu gabatar da ƙara suka ƙi. Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta ce kuskure ne da aka bari aka karanta sunan laifin, tun da akwai wata hanyar tabbatar da wannan gaɓa ba tare da haɗarin ba.

A Ingila sashe na 78 na Dokar 'Yan Sanda da Hujjar Laifuka ta 1984 ya mayar da hankali ne kan adalcin shari'ar baki ɗaya, har da yadda aka samo hujjar. Ostareliya ta fi tsanantawa: sashe na 137 na Dokar Hujja ta 1995 ya wajabta wa alƙali ƙin hujjar masu gabatar da ƙara idan haɗarin ya rinjaya.

Sau da yawa alƙali kan bi tsaka-tsaki, ya rage yawan hotuna ko ya gargaɗi masu taya shi cewa su yi amfani da hujjar kan batu ɗaya kawai, ko da yake masana da dama na shakkar tasirin irin wannan gargaɗi. Kotunan ɗaukaka ƙara a Amurka kuwa ba kasafai suke soke irin wannan hukunci ba, sai an nuna cewa alƙalin ya wuce gona da iri.