Masu ba da shawara kan dokar B-BBEE a Afirka ta Kudu

Masu ba da shawara kan B-BBEE ƙwararru ne masu zaman kansu da kamfanoni ke biya domin su shirya su ga tantancewa a ƙarƙashin tsarin ƙarfafa tattalin arzikin baƙaƙen fata na Afirka ta Kudu. Daga cikinsu akwai akantoci da lauyoyi. Ba su ke ba da takardar shaida ba: wannan aikin kamfanonin tantancewa ne waɗanda SANAS, hukumar ƙasar mai tabbatar da cancantar masu tantancewa, ta amince da su, kuma ƙa'ida ta hana mai tantancewa ya zama mai ba da shawara ga kamfanin da yake dubawa.

Asali

Sana'ar ta biyo bayan dokar ne. Tun wajajen 1993, kafin zaɓen da ya kawo ƙarshen mulkin wariyar launin fata, manyan kamfanonin Turawa suka fara sayar wa baƙaƙen fata hannun jari. Fitaccen misali shi ne sayar da wani kaso na kamfanin inshorar Metropolitan Life da Sanlam ya yi wa ƙungiyar da Dakta Nthato Motlana ya jagoranta. A wancan zamani bankuna da lauyoyi ke tsara cinikin, mafi yawa da bashi, kuma mutane ƙalilan ne suka amfana. Kwamitin da Cyril Ramaphosa ya shugabanta ya miƙa rahoto a 2001, daga nan aka yi doka mai lamba 53 ta shekarar 2003 domin amfanin ya kai ga jama'a da yawa. Ka'idojin aiki na 2007 suka zo da katin maki mai ginshiƙai bakwai, kuma daga lokacin ne lissafin ya yi sarƙaƙiyar da ta sa kamfanoni neman taimakon waje. Gyaran 2013, wanda ya fara aiki sosai a watan Mayun 2015, ya mayar da ginshiƙan biyar: mallaka, shugabancin kamfani, horar da ma'aikata, sayen kaya tare da raya ƙananan kamfanoni, da taimakon al'umma.

Dokar ba ta tilasta wa kamfani mai zaman kansa ya nemi takarda ba. Sai dai hukumomin gwamnati na duba ta wajen ba da kwangila da lasisi, kuma babban kamfani yana samun maki ne gwargwadon matakin B-BBEE (daga na 1, mafi girma, zuwa na 8) na waɗanda yake sayen kaya a wurinsu. Ta haka matsin ke gangarowa har kan mai kawo takardun ofis.

Aikinsu

Matakin farko shi ne gano rukunin kamfanin da cinikinsa na shekara. Wanda bai wuce Rand (kuɗin ƙasar) miliyan 10 ba yana samun mataki na 4 kai tsaye da takardar rantsuwa kawai. Idan baƙaƙen fata sun mallaki kashi 51 cikin ɗari ya hau na 2, idan sun mallake shi duka ya hau na 1. Irin wannan kamfani ba ya bukatar mai tantancewa, kuma asara ce a caje shi kuɗin takardar da kwamishinan rantsuwa zai sa wa hannu. Tsakanin miliyan 10 da 50 akwai kati mai sauƙi, sama da haka cikakken kati. Wasu sassa, kamar gine-gine, yawon buɗe ido, noma da harkar kuɗi, suna da ka'idojinsu daban, kuma lissafi da katin da ba na sashen ba kuskure ne mai ɓata aikin tun daga tushe.

Daga nan sai lissafin gwaji, a ga inda maki ya gaza. Mataki na 1 yana bukatar maki 100, na 4 maki 80, na 8 maki 40. Mai sayen kaya daga kamfanin mataki na 1 ana ƙirga masa kashi 135 cikin ɗari na abin da ya kashe, daga na 8 kuwa kashi 10 kacal. Burin mallaka shi ne baƙaƙen fata su riƙe kashi 25 cikin ɗari da ƙarin ƙuri'a ɗaya. Raya masu kawo kaya yana cin kashi 2 cikin ɗari na riba bayan haraji, raya ƙananan kamfanoni kashi 1, taimakon al'umma kashi 1. Mallaka, horarwa da sayen kaya su ne ginshiƙan fifiko: babban kamfanin da ya kasa kai kashi 40 cikin ɗari na abin da ake nema a ɗayansu, ana sauke shi mataki guda.

Sauran aikin tattara hujja ne: katin shaidar ma'aikata, takardun albashi, rasit, da takardun masu kawo kaya. Takardar shaida wata 12 take yi.

Inda ake tuntuɓe

Babbar matsala ita ce makara. Ana auna kuɗin da aka kashe cikin shekarar kuɗin kamfanin ne, don haka wanda ya kira mai ba da shawara bayan an rufe littafi ba abin da zai gyara. Makin horarwa ma kan salwanta idan ba a miƙa tsarin horar da ma'aikata ga hukumar horarwa ta sashen ba zuwa 30 ga Afrilu.

Ma'anar "baƙar fata" ita ma tana ruɗa mutane. Ta haɗa da 'yan asalin Afirka, masu ruwa biyu da Indiyawa, amma sai 'yan ƙasa ta haihuwa ko zuriya, ko waɗanda suka samu zama 'yan ƙasa, ko suka cancanci hakan, kafin 27 ga Afrilun 1994. Ɗan Najeriya ko Nijar da ya ƙaura can daga baya ba ya cikin lissafi.

Aron suna

Sanya direba ko mai aikin gida a matsayin darakta ko mai hannun jari, alhali ba shi da iko ko rabon riba, laifi ne tun gyaran dokar na 2013. Hukuncin ya kai ɗaurin shekara 10, tarar kashi 10 cikin ɗari na cinikin shekara ga kamfani, da hana kwangilar gwamnati na shekara 10. Wanda ya tsara dabarar da saninsa yana cikin laifin. Hukumar B-BBEE ke bincike.

Suka

Masu suka na cewa sana'ar ta mayar da gyaran zaluncin tarihi zuwa farautar maki. Masu kare ta na cewa sarƙaƙiyar ka'idojin ce ta haife ta.